Marciano Bai Taɓa Shan Kashi Ba, Ali Ya Sha Sau Biyar: To Wa Ya Fi?

Ga abin da muka tattauna a shirin tarihi na wannan mako. Mun buga shi ne saboda wanda bai samu ji ba, ko yana daji da bisashe, ko yana kan hanya da kaya.

Gardamar tsohuwa ce, kuma kai mai karatu wataƙila ka taɓa shiga cikinta a teburin mai shayi, ko a tasha ana jiran mota ta cika: a damben Turawa, ajin masu nauyi, wa ya fi kowa? Da can baki ne kawai, kowa ya faɗi nasa a watse. Yanzu kuwa yaro zai zaro waya ya nuna maka lamba, ya ce, "Baba, ga shi nan a rubuce, magana ta ƙare." To, kafin ka yarda ta ƙare, zauna mu karanta lambar tare.

Kowane ɗan dambe yana da lissafinsa: sau nawa ya ci, sau nawa ya sha kashi, sau nawa aka yi canjaras, sannan cikin cin nasa guda nawa ne kisa. Kisa a wurinsu ba irin na damben gargajiya ba ne, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa shi ke nan. Sai an ƙirga wa mutum goma bai tashi ba, ko alƙali ya ga zai halaka ya tsayar da wasan. Ga lissafin manya shida:

Joe Louis: ci 66, kashi 3, kisa 52.
Rocky Marciano: ci 49, kashi babu, kisa 43.
Muhammad Ali: ci 56, kashi 5, kisa 37.
George Foreman: ci 76, kashi 5, kisa 68.
Mike Tyson, zuwa 2005 da ya aje dambe: ci 50, kashi 6, kisa 44.
Lennox Lewis: ci 41, kashi 2, canjaras 1, kisa 32.

In lambar nan kaɗai za a bi, Marciano ne sarki, Ali kuwa yana can baya. Amma kai ɗan kasuwa, ka taɓa sayen buhun gero don kyan samansa? Ai sai ka tura hannu ƙasa. Bari mu tura hannu.

Mu fara da Marciano, ɗan Amurka mai tsatson Italiya. Ya karɓi kambu a 1952 daga hannun Jersey Joe Walcott. An kai shi ƙasa a turmin farko, ana gabansa da maki, sai a turmi na 13 ya saki dama guda ɗaya, Walcott bai tashi ba. Ya kare kambun sau 6, ya aje dambe a 1956 ba wanda ya taɓa cin sa. Namiji ne, ba mai musun haka. Sai dai duba manyan da ya doke: Joe Louis yana da shekara 37, Walcott 38, Archie Moore wajen arba'in. Ba laifinsa ba ne, wanda ya tarar a fage shi ya dambata. Amma a faɗi gaskiya, rana ta yi musu. Sannan nauyinsa wajen kilo 85 ne. A yau ajin masu nauyi sai wanda ya haura kilo 90, kuma Tyson Fury ya shiga fage a 2020 da kilo fiye da 120.

Don ka ga yadda lamba take ruɗin mutum, ga misali na kwanan nan. A ƙarshen 2018 Deontay Wilder yana da ci 40, ba kashi ko ɗaya, kisa 39. A takarda ya fi Marciano ban tsoro. Da ya haɗu da Fury sai aka yi canjaras, aka sake karawa a 2020 da 2021, duka biyun Fury ya gama da shi kafin ƙarshen wasa. A wannan sana'a iyayen gidan ɗan dambe kan zaɓo masa raunana a farko don lissafinsa ya yi kyau, farashinsa ya tashi. Saboda haka duk wanda ya nuna maka lamba, tambaya ta farko ita ce: da wa da wa ya kara?

Yanzu mu zo kan kashi biyar ɗin Ali, mu warware su ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi kambu a 1964 yana ɗan shekara 22, ya doke Sonny Liston da kowa ke shakka. A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambun, aka hana shi dambe. A ranar yana da ci 29, ba kashi, shekarunsa 25. Bai dawo fage ba sai watan Oktoba na 1970. Shekara uku da rabi ke nan, kuma na tsakiyar ƙarfinsa, babu su a cikin lissafin. Bayan ya dawo, Joe Frazier ya ci shi da maki a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi ya ci shi a 1973, Leon Spinks ya ci shi a farkon 1978. Dukkansu ukun ya koma ya rama: Frazier sau biyu, Norton sau biyu, Spinks kuwa a cikin wannan shekarar. Sauran biyun, na Larry Holmes a 1980 da na Trevor Berbick a 1981, yana da shekara 38 da 39, jiki ya riga ya ƙi. Da ya aje dambe a 1978, da kashi uku za ka gani, kuma ba wanda bai rama ba.

Tsakiyar labarinsa kuwa a nan Afirka aka yi shi, a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974. George Foreman ya zo da ci 40, kisa 37, ba kashi, yana ɗan shekara 25. Shi ne ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu a Jamaika a 1973, shi ne kuma ya gama da Norton a turmi na biyu. Wato mutum biyun da suka ci Ali, Foreman ya yi fata-fata da su. In da lissafi ne ke dambe, da ba sai an kara ba. Amma Ali ya jingina da igiya, ya tare, ya sha na sha, ya bar Foreman ya yi ta sheƙa naushi har ƙarfinsa ya ƙare. A turmi na 8 ya kwantar da shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Don haka in wani ya ce maka, "Wane ya doke wane, shi kuma ya doke wane, ka ga ya fi shi ke nan," ka tuna masa Kinshasa.

Samari kuwa Tyson suke so, kuma suna da hujja. A 1986 ya zama zakara mafi ƙarancin shekaru a wannan aji, yana da 20, ya watsar da Berbick a turmi na biyu. A 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Ya kai ci 37 ba kashi. Sai a 1990 a Tokiyo Buster Douglas, wanda ba wanda ya ba shi ko kusa, ya kashe shi a turmi na 10. Daga baya Evander Holyfield ya ci shi sau biyu, na biyun shi ne wasan cizon kunne a 1997, Lewis kuma ya kwantar da shi a 2002. Abin lura, cikin duk waɗanda suka ci Tyson babu ko ɗaya da ya koma ya rama a kansa. Lewis kuwa mutum biyu ne suka taɓa cin sa, Oliver McCall da Hasim Rahman, dukansu ya koma ya gama da su, ya kuma ci Holyfield da suka yi canjaras. To tambaya ta biyu ke nan: da ya faɗi, me ya yi bayan nan?

Ta uku ita ce zamani. A lokacin Joe Louis zakara ɗaya ne a duniya, kuma wasan kambu galibi turmi 15 ne. Yanzu turmi 12 ne, kambu kuma huɗu, na WBA da WBC da IBF da WBO, har mutum uku ko huɗu kan amsa sunan zakaran duniya a lokaci guda. Louis ya riƙe nasa daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Har yau ba wanda ya kamo shi a wannan aji. Max Schmeling na Jamus ya kashe shi a 1936, ya rama a 1938 cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Amma akwai abin da lissafin Louis ya ɓoye, kuma ku 'yan kasuwa ku buɗe kunne. Ya samu kuɗi masu yawa, a 1942 ma ya ba da ladan wasanni biyu ga asusun taimakon sojoji. Sai dai bashin haraji ya yi masa katutu. Ya aje dambe a 1949 da kashi ɗaya tak, bashi ya maido shi fage. Ezzard Charles ya ci shi a 1950, Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiya a 1951. Ka ga biyu daga cikin kashi ukun nasa bashi ne ya jawo, kuma ɗaya daga cikin 49 ɗin Marciano dattijo ne da bashi ya koro. A ƙarshen rayuwarsa aikin tarbar baƙi yake yi a wani gidan caca a Las Vegas, ya rasu a 1981. Ali ma ya yi fama da ciwon karkarwa shekaru fiye da talatin kafin rasuwarsa a 2016. Wannan ba za ka gan shi a lambar da yaro ya nuna maka ba.

To wa ya fi? In daɗewa kan kambu ake magana, Louis ne. In kammala sana'a ba tabo ne, Marciano. In kuwa ƙarfin abokan karawa ne, muna ganin Ali ne, kuma ba don shi Musulmi ne muka faɗa ba, a aje wannan gefe. Liston da Frazier da Foreman kowanne zakara ne mai ji da ƙarfinsa ranar da suka kara, kuma duka ya ci su. Ku makiyaya kun fi mu sanin wannan: wanda ya fito daga farin 1984 da shanu ashirin a tsaye, ba a haɗa shi da mai hamsin da bai taɓa ganin shekarar da ruwa ya ƙi ba.

Wanda bai yarda ba, ƙofa a buɗe take. Ya aiko mana da nasa gwanin, amma ya haɗo da sunayen waɗanda ya doke da shekarunsu a ranar, mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya kiyaye dukiya. A huta lafiya.