Shika: Garin Da Shanu, Kaza Da Asibiti Suka Ari Sunansa

Wannan makon Shika za mu leƙa.

Idan a Zariya aka ce maka "an wuce da wane Shika", ba sai an ƙara bayani ba, ka san jiki ya yi tsanani. Sunan garin ya zama sunan asibiti. Alhali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello bai tare a can ba sai a 2005. Kafin nan a rarrabe yake, wani sashe a Tudun Wadan Zariya, wani a Kaduna, wani a Malumfashi. Wato duk wanda ya haura shekara 30 ya girmi wannan ma'ana ta sunan.

Garin kansa yana ƙaramar hukumar Giwa, a kan titin Funtuwa, gaba da Samaru. Kuma wanda zai fahimci yadda ya yi suna sai ya fara daga Sabon Gari. Turawa sun ci Zazzau a 1902, zamanin Sarki Kwasau. A 1911 layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya, kamfanonin saye da leburori da akawuna suka yi dandazo kusa da tasha, nan Sabon Gari ta tsiro. Abin da jirgin ke nema shi ne auduga da gyaɗa da fatu. To ƙasar da ake so ta riƙa cika taragu dole a inganta mata iri, shi ya sa a 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru. Da aka sama wa shuka wuri, sai aka waiwayi dabba: a 1928 aka buɗe gonar kiwo a Shika.

A nan nake so mu ɗan dakata, don a ganina wannan gona ce babban abin tarihin yankin, ko da yake ba ta da ganuwa irin ta birnin Zariya, ba ta da kwarjinin dutsen Kufena. Aikin farko da aka ɗora mata shi ne zaɓen shanun gida da inganta su, irin su Bunaji, farar saniyar Fulani. Ku duba abin da kyau: ilimin da makiyayi ya daɗe yana riƙe da shi a ka, wace saniya ke ba da nono, wane sa ne ke jure rani, shi aka zo ana aunawa da sikeli ana rubutawa a littafi. Daga baya aka shiga binciken ciyawar kiwo, har da gamba da muke yin zana da ita, aka kuma gwada barbarar shanunmu da na Turai masu yawan madara. A 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar, tashar ta koma ƙarƙashinta, sannan a 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa baki ɗaya, wato NAPRI. Daga nan ne aka fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown, wadda aka tsara don ta jure yanayinmu. Akwai mai kiwon kaji a Kudu da ya san sunan Shika sarai, bai kuwa san gari ba ne.

Haka abin yake ga Samaru. Irin masarar da ake kira SAMMAZ da dawar SAMSORG da gyaɗar SAMNUT, wannan "SAM" ɗin Samaru ce.

Abin da ke damuna shi ne, duk shekarun nan da na jero na hukuma ne. Mai karanta takardu zai ɗauka yankin ya fara numfashi a 1922 ne. Ƙasa kuwa ta ƙaryata haka. Masu haƙar kayan tarihi na jami'ar sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, waɗanda suka haura shekara 1000. Mutane na hura wuta suna fitar da ƙarfe a wannan fili tun kafin a san Bature, tun ma kafin zamanin Sarauniya Amina.

Tsakanin waɗancan maƙera da gonar 1928 akwai labarin da ke bakin tsofaffi: wa ya sari garin, gonakin su wa aka kewaye da waya, ina burtalin ya koma da aka yi shinge, wane gida ne ya fara ba da ɗansa aikin lebura a gonar Bature, wane ne ya ƙi. Mu da ke kukan rashin jigo, muna ta sake labarin attajiri da 'yar talakawa, ga jigo nan a bakin titi.

Daga Kwangila motar Shika ba ta yankewa. Wanda ya je, kada ya sauka a ƙofar asibiti. Ya wuce cikin gari, ya yi sallama a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, da biro da littafi da ɗan goron gaisuwa.