Tsarin wasa, daga Wembley zuwa filin Tafawa Ɓalewa

Matasan Bauchi masu zama koci a wasan Football Manager sukan kai dare suna gardamar tsarin da ya fi, 4-3-3 ko 4-2-3-1, sai ka ce lambobin ne ke jefa ƙwallo a raga. Tarihi bai goyi bayansu ba, domin kowane tsari matsalar zamaninsa ce ta haife shi. A 1925 aka sassauta dokar satar gida, 'yan gaba suka samu sarari, sai Herbert Chapman na Arsenal ya janye ɗan tsakiya guda zuwa baya, tsohon 2-3-5 ya koma WM. A 1953 Hungary ta lallasa Ingila 6-3 a Wembley, saboda ɗan gabanta Hidegkuti yana komowa tsakiya, mai tsaronsa ya rasa ko ya bi shi ko ya tsaya.

Wasan da Paul da Oliver Collyer suka fitar a 1992 da sunan Championship Manager, kafin kamfaninsu ya koma fitar da Football Manager a 2004, ya kwaso waɗannan tsare-tsare ya jera su kamar kayan kanti. Nan ƙarfinsa yake, nan kuma rauninsa. Za a ce ai wasan yana lissafa gajiya da rauni da yanayi, kuma ya koya wa yara cewa tura 'yan bayan gefe gaba yana barin kafa a baya. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin ilimi ba ne. Amma ma'auninsa ya fi karkata ga ƙwallon Turai, inda ciyawa take shimfiɗe, albashi yake zuwa kan kari.

A dubi Wikki Tourists ta Bauchi, wadda aka kafa a 1991. Kofin Ƙalubale da ta ɗauka a 1998, bugun fenareti ne ya raba ta da Plateau United bayan an tashi canjaras. A 2016 koci Abdu Maikaba ya kai ta matsayi na uku a gasar ƙasa. Kocin da ke aiki a irin wannan gasa yana fara lissafi ne da zafin la'asar a watan Afrilu, da doguwar tafiyar mota zuwa Aba ko Fatakwal, da sanin cewa cin wasa a gidan wani abu ne mai wuya a Najeriya. Matsa wa abokan hamayya lamba na minti 90, wanda ke kawo kofuna a kwamfuta, yakan ƙarar da numfashin 'yan wasan da suka wuni a hanya tun kafin a tafi hutun rabin lokaci.