Takardun Filaye da Gado na Turawan Virginia

Takardun filaye da gado su ne babbar madogarar masu bin salsalar Turawan Ingila da suka yi kaka-gida a Virginia, a Amurka ta yau. Tun 1618 Kamfanin Virginia ya kafa ƙa'idar ba da eka 50 a kan kowane mutum da aka biya wa kuɗin jirgi. Takardar mallakar filin kan lissafa sunayen waɗanda aka kawo, ta kuma bayyana iyakar fili da rafi, ko itace mai alama, ko gonar maƙwabci. Sai dai akan sayar da wannan haƙƙi, saboda haka ganin suna biyu a takarda ɗaya ba ya tabbatar da dangantaka.

Wasiyya ce ke fayyace 'ya'ya da surukai. A wancan zamani, in mutum ya rasu bai bar ta ba, babban ɗa ke gadon fili, matar mamacin ta ci moriyar sulusi muddin ranta. A lissafin dukiyar mamaci akan jera bayi tare da shanu da tukwane.

Sai dai ba duk takardun ne suka tsira ba: gobarar birnin Richmond ta Afrilun 1865 ta cinye takardun gundumomi da dama.