Fim ɗin Ar-Risala: Abin da ya kamata ɗalibi ya sani

Ar-Risala fim ne a kan farkon Musulunci wanda Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, ya shirya, ya fito a 1976. An ɗauke shi a Maroko da Libiya, kashi biyu: na Larabci da na Turanci, kowanne da ’yan wasansa. Abdullahi Gais ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza (RA) a na Larabci, Anthony Quinn kuma a na Turanci.

Fim ɗin bai nuna siffar Manzon Allah (SAW) ba, ba a kuma ji muryarsa ba. Haka matansa da Halifofi huɗu. Sayyidina Ali (RA) takobinsa Zulfiƙar kawai ake gani. Malaman Azhar sun amince da rubutunsa, amma Rabiɗa ta Makka ta ƙi, kuma har yau malamai na saɓani kan fitowa a matsayin Sahabbai.

Ya ƙunshi azabtar da Bilal, hijirar Habasha da jawabin Ja’afar gaban Najashi, Badar, Uhudu, Hudaibiyya da buɗe Makka.

Ɗalibanmu na Sokode da Dapaong su lura: fim ba littafin Sira ba ne. An taƙaita abubuwa, an ƙara wasu maganganu domin wasa. Duk abin da kuka gani, ku auna shi da Sirar Ibn Hisham ko Ar-Rahiƙul Makhtum kafin ku kafa hujja da shi. Allah Ya sa mu dace.