Ƙasar da ta gina ganuwa, ba ta gina gada ba

A kudu maso yammacin Ingila akwai wani tudun duwatsu mai sanyi da hazo da ake kira Dartmoor. A ƙauyen Postbridge na wannan yanki akwai gadar da aka yi da manyan falalen dutse, aka ɗora su bisa ginshiƙai, ba siminti ba ƙarfe. Ana danganta ta da ƙarni na 13, kuma an yi ta ne domin dawakan da ke ɗauke da kuza su ƙetare kogi zuwa garin Tavistock. Har yau tana nan tsaye.

Kudancin Kano ma ƙasar dutse ce da kuza. Tun kafin zuwan Turawa ake narka kuza a Riruwai da ke Doguwa ta yau, a zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Ga dutse, ga kayan fatauci, ga koguna a kan hanya. To, me ya hana magabatanmu barin mana tsohuwar gadar dutse?

Amsar tana cikin halin ruwanmu. A Dartmoor ana ruwan sama kusan duk shekara, kogi ba ya ƙafewa. Mu kuwa, kafin a datse su, Kogin Kano da Challawa da rani yashi ne shimfiɗe, jaki na taka shi da kayansa. Fatauci kuma sana'ar rani ce, sai an kai amfanin gona rumbu ayari ke tashi. Da damina jama'a na gona, wanda tafiya ta kama dole ya nemi masu fito su ƙetarar da shi da gora. Watanni kaɗan ake bukatar gada, kuma a watannin ne ambaliya ke iya tafiya da ita. Abin da madugu ya dogara da shi shi ne sanin mashigi: inda yashi ke da ƙarfi, da inda gurbi ke haɗiye dabba.

Barazanar da ta hana mutanen wannan yanki barci ita ce ta mahara. A ƙarni na 19 Ningawa sun yi ta kawo hari kudancin masarautar Kano, har Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya shafe shekaru yana fafatawa da su. Saboda haka ƙarfin gayya ya tafi ga haƙa gwalalo da ɗaga ganuwa. Bebeji na cikin garuruwan da suka yi fice a wannan, kasancewarta babban zango a hanyar Zariya. Bature matafiyi Hugh Clapperton ya ratsa ta a 1826, ya kuma bayyana ta a matsayin gari mai ganuwa, mai yawan jama'a da ciniki.

A wannan ganuwa aka fara gwada ƙarfin Kano da na Turawa. Ranar 1 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iske ƙofar Bebeji a rufe, ta fasa ta da igwa, aka kashe sarkin garin da wasu mutanensa. Bayan kwana biyu birnin Kano ya faɗi, alhali Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Daga ranar ganuwa ta rasa aikinta. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano bisa gadojin ƙarfe, zangon ayari ya fara mutuwa. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga, ruwa ya rufe gonaki da ƙauyuka da tsofaffin mashigai, aka sauya wa mazaunansu matsuguni.

Dutse yana jure sakaci, ƙasa ba ta jurewa. Ko an yi shekara ɗari ba a kula gadar Postbridge ba, za a dawo a same ta. Ganuwar ƙasa kuwa rayuwarta na ga yaɓen da ake yi mata bayan damina. Da an daina, ruwa ya zaizaye ta, masu gini su ɗebi sauran. Mashigi ya fi ta rauni, domin ba shi da gini ko ɗaya sai suna a bakin mutane.

Wanda duk ya taɓa kora jaki ya ƙetare Kogin Kano kafin a datse shi, yau ya haura shekara sittin. Irinsu ne suka san sunayen ƙofofin Bebeji da inda kowace take, da hanyar da kuzar Riruwai ta bi ta dajin Falgore. Ɗaukar muryoyinsu da sanya wuraren a taswira ba ya bukatar kasafin gwamnati. Wayar hannu da yinin Asabar sun isa. Malami a Kiru ko ma'aikaci ɗan Tudun Wada da ke zuwa gida hutun Sallah zai iya farawa da dattijon unguwarsu, tun yana da ƙarfin tashi ya nuna wurin da sandarsa.