Fadar Damagaram da Tarihin Baje Kolin Mulki a Zinder

Fadar Sarkin Damagaram, wadda ke unguwar Birni cikin garin Zinder a Jamhuriyar Nijar, ita ce babban wurin da ake zuwa ganin tarihin mulkin wannan yanki. Har gobe gidan sarki ce: a nan yake zama, a nan ake kawo masa ƙara, a nan hakimai ke faɗuwa gaisuwa. Duk da haka ta daɗe tana aikin gidan tarihi. Ana zagayawa da baƙi da ƴan makaranta cikin zaurukanta, ranakun sallah kuma a fito da kayan sarauta fili kowa ya kashe kwarkwatar idonsa. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya.

Asali

Gidan sarautar ya samo tushe ne a ƙarni na 18 daga wani malami da ya fito daga ƙasar Barno, kuma sarakunan farko suna kai gaisuwa Barno. Sulaiman ɗan Tintuma ne ya mai da Zinder mazaunin sarki a farkon ƙarni na 19. Ginin fadar da ake gani yanzu ya tashi wajen 1850. Wanda ya ba Birni kamanninta shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, da ya rasu a 1884. Shi ya kewaye garin da ganuwa, ya tara ƴan bindiga, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a nan cikin gari. Fatake daga Kano zuwa Agadas da Gat da Tarabulus suna sauka a Zango, bayan ganuwa, sarki kuwa yana cin ribar wannan hanya.

Tun a wancan zamani nuna ƙarfi ga jama'a wani ɓangare ne na mulkin kansa. Idan sarki ya hau, tambura da kakaki da algaita suka tashi, bindigogi suka yi ruri, talaka da baƙo duk sun gane inda iko yake. Turawan da suka ratsa garin sun rubuta abin da suka gani. James Richardson ya zauna a garin a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya bar labarin fada da hukunce-hukuncenta masu tsanani. Heinrich Barth ya iso a ƙarshen 1852, kuma gidan da ya sauka a Birni na cikin wuraren da ake nuna wa baƙi.

Zamanin Faransawa

A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa da tafintansa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta kewayo sojojin Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini ranar 30 ga Yuli 1899, Damagaram ta faɗi, bayan ƴan makonni aka kashe sarkin. A 1906 Faransawa suka zargi magajinsa, Amadu ɗan Bassa, da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, suka danƙa riƙon gari ga Bellama, ɗaya daga bayin fada. Sai a 1923 aka mayar da sarautar ga gidanta da naɗin Barma Mustafa.

Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar mulkin mallaka na Nijar, kafin a ɗauke ta zuwa Yamai. A waɗannan shekaru Turawa sun shimfiɗa nasu labarin a kan duwatsun garin: barikin soja mai sunan Cazemajou yana kallon Birni daga sama, ga maƙabartarsu, ga faretin bikin ƙasar Faransa na 14 ga Yuli wanda sarakuna ke halarta da dawakansu. Hawan da a da yake shirin yaƙi ya koma ado ga bikin wasu. Bayan ƴancin kai aka sa wa barikin sunan Tanimun. Wanda ya san labarin Tirmini zai gane nauyin wannan sauyi.

Hawa da wasan kara

Taron da ya fi tara jama'a shi ne hawan sallah. Sarki kan dawo daga idi a tsakiyar dogarai masu jajaye da korayen riguna, Galadima da Ciroma da sauran masu sarauta kowa a gurbinsa, mahaya suna jahi a ƙofar fada. Mutanen karkara, daga Mirya da Dogo da garuruwan hanyar Magarya, sukan shigo gari don wannan rana. Mai lura zai karanta tsarin mulkin Damagaram kaf a jerin dawakan nan: wa ke gaba, wa ke dama da sarki, gidan wa aka yi wa kirari da sunan kakan da ya yi yaƙi. Maroƙa su ne masu bayanin kayan. Abin da allon rubutu ke yi a gidan tarihi, su suke yin sa da baki, kuma su ma suna zaɓen abin da za su faɗa. A lokutan bukukuwa mahauta kan yi hawan ƙaho, saurayi ya tari bijimi ya kama ƙahonsa a gaban taro.

Wasan kara kuwa wani abu ne daban, kuma a ganina shi ne mafi ban sha'awa cikin abubuwan da Damagaram ta ƙirƙira don kallon masu mulki. Matasa kan ɗauki karan hatsi bayan girbi su ƙera dawaki da bindigogi da sauran kayan iko, su naɗa wa junansu muƙamai. Da farko fada ake kwaikwayo. Da zamani ya sauya sai aka ga shugaban ƙasa na kara da ministocinsa da jandarmominsa, har da ƴan jarida riƙe da na'urar ɗaukar hoto ta kara. Mai kwaikwayon yakan nazarci tafiyar babban mutum da muryarsa da yadda yake gyara hula, jama'a na dariya, wani lokaci shi wanda ake kwaikwayon yana zaune yana kallo. Inoussa Ousseini ya ɗauki wasan a fim a 1980. A ƙasar da ta yi shekaru a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, sannan soja, samun fili irin wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake hukuma ma ta iya jan wasan zuwa cikin bukukuwanta.

Bayan 1960

Gidan tarihi irin na zamani ya fara ne a Yamai a 1959, da ƙoƙarin Boubou Hama da Pablo Toucet. Zinder ta samu nata na jiha daga baya, amma bai taɓa jan jama'a kamar ƙofar fada ba. Tarihin mulkin Damagaram ya fi fitowa ta hanyar alƙalami da dandali. André Salifou, haifaffen Zinder, ya wallafa littafinsa kan sarautar a ƙarni na 19 a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Shi ne ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, yanzu kuma jami'ar garin na ɗauke da sunansa.

Gwamnatoci ma sun riƙa kawo manyan tarukansu nan. A 1976, zamanin Seyni Kountché, a Zinder aka buɗe bikin matasa na ƙasa, inda ƙungiyoyin samariya ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, yawancinsu kan jaruman da suka tari Turawa. Da aka fara kewayawa da bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba jiha-jiha a 2006, zamanin Tandja Mamadou, Zinder ce ta fara karɓa. Ta sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, lokacin cikar jamhuriya shekara 60. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke garin ita ma ta daɗe tana shirya baje koli da laccoci, har ranar 16 ga Janairu 2015 da aka cinna mata wuta a zanga-zangar nuna fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo, littattafanta suka ƙone.

Fadar kanta ba ta fita daga siyasa ba. A 2001 gwamnati ta tuɓe Sarki Abubakar Sanda, wanda ke kan gado tun 1978, ta naɗa Mamadu Mustafa. A 2011 Abubakar Sanda ya koma kujerarsa. Gidan da labarinsa bai ƙare ba yana da wuya ya ba da labarin kansa ba tare da ɗaukar ɓangare ba.

Abin da ba ya fitowa fili

Kirarin hawa na sarakuna ne da barade. Bayin da aka kora arewa cikin ayari, waɗanda kuɗinsu ya sayi bindigogin da ake taƙama da su, ba su da maroƙi. Richardson ya rubuta yadda ake kai hari har kan ƙauyukan da ke ƙarƙashin sarki don samo su. Jikokin masu kamun da na waɗanda aka kama suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a filin hawa ɗaya, kuma ya kamata wurin da ke nuna tarihin mulki ya faɗi wannan.

Haka batun Sawaba. Wannan jam'iyya ta Djibo Bakary ta yi ƙarfi sosai a Zinder cikin direbobi da ƴan kasuwa da ma'aikata. Ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan zama tare da Faransa, aka haramta ta a 1959, aka farauci mutanenta bayan yunƙurin tawayenta na 1964. Marubuci Abdoulaye Mamani, wanda ya wakilci Zinder a majalisa a ƙarƙashinta, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya dawo aka ɗaure shi. Da yawa daga abin da aka sani na wannan zamani ya fito ne daga bakin tsofaffin ƴan jam'iyyar, waɗanda masanin tarihi Klaas van Walraven ya bi gari-gari yana hira da su kafin ya wallafa littafinsa a 2013. Katunansu na jam'iyya da hotuna da wasiƙun gudun hijira, waɗanda suka tsira daga bincike da gara, suna cikin akwatunan iyalansu.