Daga Ina Wasan Fassarar Ƙarya Ya Shigo Gyallesu?

Malaman Turanci sun soma ƙorafi cewa wasan nan da ɗalibai ke yi a majalisun unguwar Gyallesu ta Zariya zai ɓata musu jarrabawa. Wani zai jefo baƙuwar kalma irin hullabaloo, wani ya ce ma'anarta rigimar da ke tashi idan hula ta ɓace a masallaci, a fashe da dariya. Masu ƙorafin sun ɗora laifin kan waya da Facebook.

Wasu masu ilimi kuma suna kai asalinsa Ingila. Gaskiya ne a 1965 gidan talabijin na BBC ya fara shirin Call My Bluff, inda ake kawo ma'ana uku, ɗaya ce kawai ta gaskiya, kuma a 1984 aka fitar da wasan Balderdash a Kanada. To amma yaron Gyallesu nawa ne ya taɓa ganin ɗayansu?

Ni a ganina tushen yana gida. Tun kafin zuwan Turawa yaran Zazzau suna kacici-kacici da dare, wanda ya kasa ya ba da gari, 'yan mata kuma suna juya harshe da zaurance. Kunnen da aka horar haka ba ya barin kalma ta wuce bai lalubo wata a cikinta ba.

Abin da ya rage shi ne Turancin ya iso, kuma ba garin da ya sha shi a Arewa kamar Zariya. Nan Rupert East ya zauna da hukumar talifi, nan aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita, yana fama kullum da yadda zai sa kalmomin yaƙi da mulki a bakin Bahaushe. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawu a Kongo, maƙwabciyar Gyallesu, makarantar kuma ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗalibai suka cika gidajen haya na unguwar, suna kwana da ƙamus, suna wayar gari wurin mai shayi tare da 'yan kasuwa da ba su taɓa shiga aji ba. A irin wannan zama ne ake gano kura kwance a tsakiyar dimokuraɗiyya.

Shi ya sa ban yarda da malaman ba. Ɗalibin da ya ƙirƙiro ma'anar ƙarya sai ya buɗe ƙamus ya tabbatar da ta gaskiya kafin ya ci abokansa, kuma da wuya ya sake manta kalmar.